Koyon Ilmin Zaman Jama'a a Jami'a da Matsalar Harshen Bincike: Misali daga Gangara ta Damargu

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa masu bincike da masu tsara aikin yaƙi da jahilci abin da ake nufi idan an ce ilmin zaman jama'a, wanda Turawa ke kira sosiyoloji, ilmi ne na gani da ido da gwaji. Za mu duba yadda ake koyar da shi a jami'a, sa'an nan mu kai shi wani wuri takamaimai, watau gundumar Gangara ta ƙasar Damargu, mu ga inda kayan aikinsa ke ci da inda suke dakushewa. Ra'ayinmu shi ne, kayan aiki na farko a wannan fanni harshe ne, kuma ɗalibin da aka koya wa lissafi aka bar shi bai ƙware a harshen mutanen da zai tambaya ba, zai dawo da alƙaluma masu kyan gani waɗanda ba su auna komai ba.

Asalin fannin

Kowane dattijo a bakin kasuwa yana da ra'ayi game da zaman mutane: me ya sa aure ke yawan mutuwa, me ya sa samari ke barin gona. Abin da ya raba wannan da ilmi shi ne sharaɗin hujja. Mai ilmin zaman jama'a ba ya da izinin ya faɗi magana sai ya nuna inda ya samo ta, mutum nawa ya tambaya, yaya ya zaɓe su, da kuma hanyar da wani zai bi ya sake gwadawa, ko ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi.

Tun a shekarar 1377 Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima, inda ya yi nazarin dangantakar mutanen daji da mutanen birni, ya kuma gargaɗi masu tarihi da kada su karɓi labari sai sun auna shi da abin da zai yiwu a zaman mutane. Sunan fannin kuwa Auguste Comte ne ya ƙago shi a Faransa a ƙarni na 19. Amma wanda ya mai da shi darasin jami'a mai ƙa'idoji shi ne Emile Durkheim, wanda ya fara koyarwa a Bordo a 1887, ya fitar da littafinsa na ƙa'idojin bincike a 1895. A 1897 ya ɗauki wani abu da kowa ke gani sirrin zuciyar mutum ɗaya ne, watau kisan kai da mutum ke yi wa kansa, ya tattara ƙididdigar ƙasashen Turai, ya nuna cewa yawansa yana hawa yana sauka bisa ga addini da aure da ƙarfin zumuncin da ke riƙe da mutum. An soki alƙalumansa daga baya, kuma sukar ta yiwu ne domin ya shimfiɗa su a fili. Wannan shi ne halin ilmin gwaji.

A Nijar, bincike ya riga koyarwa. An buɗe reshen cibiyar IFAN a Yamai a 1944, shi ne ya zama cibiyar binciken ilmin ɗan Adam ta IRSH a 1974, mai buga jerin littattafan nan na Etudes Nigériennes. Jami'ar Yamai ta samo asali daga cibiyar ilmi mai zurfi da aka kafa a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. A tsangayarta ta adabi da ilmin ɗan Adam ake karanta wannan fanni. Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010 kuma daga baya aka ba ta sunan masanin tarihi André Salifou, ta kawo karatun kusa da Damargu. Ɗalibi yana yin shekara 3 kafin digiri na farko, 2 kafin na biyu, sa'an nan digirin dokta. Ana koya masa ra'ayoyin magabata, da lissafin ƙididdiga, da ilmin yawan jama'a, da dabarun bincike iri biyu: takardar tambayoyi wadda ake kai wa mutane da yawa domin a ƙirga, da kuma doguwar hira da zama cikin mutane domin a fahimta. Duk wannan da Faransanci ake yi, kuma matsalar da muke son mu tattauna daga nan ta taso.

Wurin da za a gwada

Gangarar da muke magana a kanta tana cikin yankin Tanut na jihar Damagaram, kudu maso yamma da garin Tanut, tsakaninsa da Belbeji, wanda aka cire daga Tanut aka mai da shi yanki mai zaman kansa a 2011. Akwai wata Gangara a jihar Maraɗi, wajen Gazawa. Wannan ma darasi ne: ɗalibin da ya ɗauko alƙaluma daga ofis bai duba wace Gangara ake nufi ba ya yi kuskure tun bai bar Yamai ba. Haka kuma wanda ya kwatanta yawan mutanen Tanut a ƙidayar 2001 da ta 2012 bai lura an rage wa yankin ƙasa a tsakani ba.

Damargu bakin gaɓa ce tsakanin noma da kiwo. Ruwan sama a wajen Tanut bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, amma a ƙarni na 19 ita ce rumbun Azbin, daga nan ayarin Abzinawa ke ɗaukar hatsi. Heinrich Barth ya ratsa ta a watan Janairu na 1851, rundunar Foureau da Lamy kuma ta bi ta cikinta a 1899 kan hanyarta ta zuwa Damagaram. Hausawa da Dagirawa masu jin Barbarci da Abzinawa da Bugaje da Fulani duk suna zaune a nan, kuma Hausa ce harshen kasuwa. Stephen Baier, a littafinsa na tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar da ya fito a 1980, ya nuna yadda manyan Abzinawa suka kafa garuruwan noma a Damargu, da yadda mutane kan gangara kudu zuwa ƙasar Hausa idan fari ya yi tsanani, su koma arewa idan ƙasa ta farfaɗo. Watau motsi ba sabon abu ba ne a nan, shi ne dabarar rayuwa. Dokar watan Mayu na 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, amma gonaki sun tsallake ta, kuma dokar karkara ta 1993 da ta kiwo ta 2010 suna ƙoƙarin daidaita abin da ya biyo baya na rigimar burtali da rijiya.

Wa za a tambaya

Ba mai iya tambayar kowa da kowa, saboda haka ake koya wa ɗalibi ya ɗebi wasu su wakilci sauran. Mai sayen hatsi ya san wannan ƙa'ida tun kafin jami'a: ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya zura hannu har ƙasa. A littafi, ana ɗaukar jerin sunayen gidaje a yi ƙuri'a. A Damargu, jerin kansa shi ne abin tuhuma. Garin da ke da maigari da masallacin Juma'a yana cikin jerin, rugar da ta tashi makon jiya ba ta ciki. Mota takan tsaya inda hanya ta tsaya. Lokacin zuwa ma yana canja amsa: wanda ya zo da rani zai tarar da mata da tsofaffi, domin majiya ƙarfi sun tafi cin rani Nijeriya ko Agadas ko Libiya, ko kuma, tun daga 2014, wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakaten. Wanda ya zo da damina zai sami manoma a gona, amma makiyaya sun yi arewa da dabbobi. Binciken da aka yi cikin wata ɗaya hoton wannan wata ne kawai, kuma wajibi ne a rubuta haka a cikin rahoto.

Kalmomin da ake ƙirga da su

A nan ne ya kamata mu daɗe. Kafin a ƙirga abu sai an san mene ne ɗaya. Takardar tambayoyi da aka shirya da Faransanci takan fara da kalmar ménage, kuma mai tambaya yana fassara ta nan take yadda ya ga dama. Wani ya ce gida, wani ya ce iyali, wani ya ce masu cin tukunya ɗaya. Alhali kuwa waɗannan abubuwa uku ne dabam. Gida ɗaya yana iya ƙunsar magidanta uku, kowa da tukunyarsa. Ana iya noma gandu tare da damina a ci daga rumbu ɗaya, da rani kuma maigida ya rufe rumbun gandu, kowa ya koma kan abin da ya samu a gamanarsa, wadda a Kano ake ce wa gayauna. To, a wane wata aka yi tambayar? Idan mai tambaya na farko ya ƙirga gidaje, na biyu ya ƙirga tukwane, aka haɗa takardunsu aka raba, matsakaicin da ya fito ba na kowa ba ne.

Masu binciken da aikinsu ya daɗe ana amfani da shi duk sun tsaya a kan wannan kalma ta gandu. M. G. Smith ya yi haka a ƙasar Zazzau a littafinsa na 1955. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 ta fitar da littafinta a 1972, ta bi gona gona da gida gida, ta rushe zaton da Turawa ke yi cewa manoman ƙauye duk ɗaya suke. Abin lura a hanyarta shi ne, ta nemi mutanen garin su da kansu su kasa manoma kashi huɗu bisa ga ƙarfin da kowa ke da shi na jure muguwar shekara. Claude Raynaut ya yi irin wannan aiki a Sumarana kusa da Maraɗi, daga baya kuma ya nuna yadda buƙatar kuɗi ke wargaza gandu tana mai da gona abin sayarwa. Guy Nicolas ya bi sawun biki da kyauta, ya nuna cewa dukiya mai yawa tana zagayawa ta hanyar da takardar kasafin gida ba ta tambaya. Amma kada ɗalibi ya ɗauki ma'anar gandu ta Batagarawa ya ɗora wa Gangara. Abin da zai ɗauka shi ne ɗabi'ar tambaya: a nan garin, wa ke shiga gandu, kwana nawa a mako, wa ke riƙe da mabuɗin rumbu.

Ga kuma talaka. Sau da yawa ana fassara pauvre da ita, alhali ma'anarta ta asali ita ce wanda ba ya riƙe da sarauta. Attajiri mai raƙuma yana iya cewa shi talaka ne, kuma bai yi ƙarya ba. Wanda ba shi da abin hannu ana ce masa matalauci, ko mai ƙaramin ƙarfi, kuma mutum ba ya son ya kira kansa haka a gaban maƙwabta, sai fa in an ji cewa rabon taimako ne ya kawo baƙin, sa'an nan gari duka ya zama matalauta. Haka tambayar nan da ake yi wa mata, ko suna aiki. Matar da ke noma gamanarta, tana kiwon awaki, tana sayar da fura, za ta ce ba ta aiki, domin a kunnenta aiki shi ne na albashi. Da an ce mata wace sana'a take yi, da amsa ta canja.

Awo ma haka. Takarda tana son kilo da eka, manomi yana lissafi da dami da tiya da buhu. Tiyar hatsi takan kai kimanin kilo 2 da rabi, amma dami ba shi da girma ɗaya daga gari zuwa gari, ko daga shekarar albarka zuwa ta fari. Mai bincike na ƙwarai yakan sayi ƴan damuna a wurin, a sussuka a gabansa, ya auna. Shekarun haihuwa kuwa sai an bi ta kalandar abubuwan da suka faru: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ga kakanni, farin 1973, da yunwar 1984 wadda a wurare da yawa ake kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Kowane yanki yana da nasa sunaye, kuma tattara su aiki ne da ya dace da masu nazarin harshe.

Akwai kuma abin da ba a faɗi. Uwa takan tsallake ɗan fari idan tana lissafa ƴaƴanta, saboda kunya. Makiyayi ba ya faɗin yawan dabbobinsa, don gudun baki, da kuma don ƙirga ta daɗe tana tafe da haraji da jangali tun zamanin Turawa. Wannan ba ƙarya ba ce da za a yi fushi da ita, ita ma hujja ce game da zaman mutanen. Maganinta shi ne abin da ake koyarwa na tabbatar da magana ta hanyoyi uku: abin da mutum ya ce, abin da wani ya ce a kan wannan batu, da abin da ido ya gani a bakin rijiya.

Darasin shekarar 2005

Cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, inda Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou suke cikin waɗanda suka assasa ta, ta ba da misali na amfanin zama cikin mutane. Bayan matsalar abinci ta 2005, masu bincikenta sun koma garuruwa da dama, har da Ollelewa maƙwabciyar Gangara a yankin Tanut, suka yi hira da harshen mutanen. Lissafin hukuma a lokacin ya dogara ne a kan auna abin da aka noma a raba da yawan bakuna. Binciken ya nuna cewa gidaje da yawa sun daɗe ba sa noma abin da zai kai su shekara ko da damina ta yi kyau, da kasuwa suke cikawa, da kuɗin cin rani da na dabbobi da ƙwadago. Saboda haka abin da ya karya mutane shi ne tsadar hatsi a daidai lokacin da dabba ta faɗi. Ya kuma nuna bambancin da ke tsakanin ƙa'idar rabon taimako a takarda da yadda gari ke sake rabawa bayan baƙi sun tafi. Wannan bambanci, tsakanin ƙa'idar da aka rubuta da wadda ake bi a aikace, shi ne jigon aikin cibiyar, kuma takardar tambayoyi mai amsar i ko a'a ba ta kama shi.

Ba muna cewa a yar da ƙididdiga ba. Ƙidayar jama'a ta 1977 da 1988 da 2001 da 2012 ita ta nuna mana ƙasar ta tashi daga mutum miliyan 5 da ƴan kai zuwa sama da miliyan 17, kuma ba wata hira da za ta ba da wannan. Hira ce ke gyara tambaya, ƙirga kuma ke faɗin yawan waɗanda amsar ta shafa.

Abin da ya shafi masu yaƙi da jahilci

Mai tsara ajin manya yana dogara da lamba ɗaya: mutum nawa ne ba su iya karatu ba. Amma me aka tambaye su? Karatu a Hausa ya haɗa da na allo. Malamin da ke rubuta wasiƙa da ajami, da Ba'abziniyar da ke rubutu da tifinag, idan mai tambaya boko kaɗai yake nufi, za su faɗa cikin jerin jahilai. Wani kuma da ya yi shekara uku a lakwal ya manta, za a rubuta shi cikin masu karatu domin ya ce ya shiga. Hanya mafi aminci ita ce a raba tambayar bisa ga irin rubutu da harshe, a kuma miƙa wa mutum ɗan gajeren rubutu ya karanta. Sauran tambayoyin tsari duk na wannan fanni ne: wane wata maza ke gari, wa ke ba mace izinin fita, ko Bafulatanin da ke ciniki da Hausa zai yarda a koya masa da ita, ko zai ga an raina harshensa. Nijar ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci tun 1963, ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, saboda haka akwai tarihin da ɗalibai za su bincika da waɗannan tambayoyi.

Bashin kuma yana tafiya ta ɗaya ɓangaren. Ɗalibin da ya naɗi hira awa ashirin dole ya mai da ita rubutu, kuma yawanci ba a taɓa koya masa rubuta harshensa ba. Sai ya riƙa fassarawa kai tsaye zuwa Faransanci yana saurare, maganar asali ta ɓace, ba mai iya komawa ya duba. Ko wanda ya iya rubutun yana da tarko a gabansa. Bayan taron Bamako na 1966 Nijar ta riƙa ninka wasali mai tsawo, aka bar wannan bayan taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980. A rubutun yau, fari na rashin ruwa da fari jam'in fara kamarsu ɗaya, alhali a baki na farko gajeren wasali gare shi, na biyu dogo, kuma karin sautinsu ya bambanta. A daminar 2004 duka biyun sun auka wa ƙasar. Idan manomi ya ce fari ya gama da gonarsa, mai karanta rubutacciyar hirar ba zai san wanne ba ne sai in wanda ya rubuta ya sa alama. Don haka muke ganin rubutun bincike yana bukatar alamar tsawo da ta sauti a irin waɗannan wurare, ko da rubutun yau da kullum bai bukace su ba, kuma a bar karin harshen mai magana yadda ya faɗe shi, kada a gyara masa zuwa Kananci.

Wannan haɗin gwiwa yana da tushe a ƙasar. Diouldé Laya, masanin zaman jama'a ne, kuma shi ya daɗe yana shugabancin cibiyar CELHTO ta Yamai, wadda aikinta shi ne naɗar maganar baka da rubuta ta da harsunan Afirka. Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kundayen digiri na wannan fanni dai da Faransanci ake rubuta su. Abin da za a iya yi ba tare da jiran wata doka ba shi ne a sa darasin rubuta harsunan ƙasa cikin shekarar farko, a wajabta wa ɗalibi ya liƙa takardar tambayoyinsa ta Hausa ko ta Tamajak a bayan kundinsa kamar yadda ya yi ta a baki, a kuma ajiye faifan hirarrakin da rubutunsu a IRSH, bayan an cire sunayen masu magana, domin wanda zai koma Gangara bayan shekara ashirin ya san da wace kalma aka yi tambayar farko.